Bita, Ƙwallo da Ranar Al'ada: Me Ɗaliban Gobir Ke Samu a Wajen Aji?

A gidaje da yawa na Sabon Birni da Isa, da zarar manyan makarantu sun dawo daga hutu akwai gardamar da ba ta rasa tashi, kuma kuɗi ne ke kunna ta. Ɗalibi zai bugo waya daga Sakkwato ko Ƙaura Namoda ya ce a turo masa kuɗin bita, ko na rigar ƙwallo, ko na ɗinkin ranar al'ada. Uban da sai da ya fitar da buhun gero ko ya kai akuya kasuwa kafin ya haɗa kuɗin rajista, abin da zai fito bakinsa shi ne, "Kai, karatu na tura ka ko shagali?" Yaron kuma yana ganin Baba bai san yadda makaranta take ba. Kowannensu yana da tasa gaskiyar, domin abubuwa ne daban-daban ake kira da suna ɗaya. Wasu dole ne, wasu ganin dama ne, wasu kuwa hukumar makaranta ma ba ta san da zamansu ba.

Kashi uku da ya kamata a rarrabe

Kashi na farko shi ne abin da ake yi a wajen aji amma yana cikin manhaja, wato tsarin darussan da hukuma ta amince da shi. Nan SIWES yake, shirin da asusun horar da ma'aikata na ITF ya ƙirƙiro a 1973 domin ɗaliban kimiyya, fasaha da noma su je wata ma'aikata su yi wata huɗu zuwa shida suna koyon aiki da hannunsu. Nan koyarwar gwaji take, wadda duk mai neman NCE, takardar shaidar malanta ta ƙasa, sai ya yi ta. Haka nan darasin sana'a da dogaro da kai, wanda hukumar kula da jami'o'i ta NUC ta wajabta tun wajen 2007. Duk waɗannan ana ba su maki, kuma wanda bai yi ba ba zai kammala ba. Kuɗin da aka kashe a kansu kuɗin karatu ne tsantsa.

Kashi na biyu shi ne abin da makaranta ta sani, ta yarda da shi, amma ba ta tilasta wa kowa ba. Wasanni suna ciki. Haka ƙungiyoyin da ofishin kula da harkokin ɗalibai ya yi wa rajista: ƙungiyar sashe, ƙungiyar Hausa, ta muhawara, ta 'yan jaridar makaranta, ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSSN da aka kafa tun 1954, da ƙungiyoyin 'yan gari ɗaya ko ƙaramar hukuma ɗaya. Bita da semina ma nan suka faɗo. Bita taro ne na yini ɗaya zuwa mako guda da ake koyar da abu ɗaya a aikace. Semina kalmar aro ce, zama ne da mutum ɗaya ko biyu ke gabatar da takarda, saura su saurara su yi tambaya. Satifiket ɗin da ake rabawa a ƙarshe shaidar halarta ce kawai, ba ta ƙara maki ko ɗaya.

Kashi na uku shi ne shagulgulan da ɗalibai ke shirya wa kansu, galibi a wajen harabar makaranta: fati, wato liyafar kiɗa da rawa, da bikin rubuce-rubuce a riga ranar gama jarrabawar ƙarshe, da makamantansu. Su ne ake gani a TikTok da Facebook, kuma daga su ne yawancin tsoron iyaye ya samo tushe. Laifinsu ne ke shafar kashi na biyu, wanda shi ne batun wannan sharhi.

Daga ina ɗalibin ya taso?

Babu jami'a a Sabon Birni, babu a Isa. Wanda ya gama sakandare yana son ci gaba, sai ya ɗauki jaka. Mafi yawa Sakkwato suke nufa: Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da aka kafa a 1975, ko Jami'ar Jihar Sakkwato da ta fara karatu a 2013, ko Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari, ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi. Wasu su tsaya kwalejin noma ta Wurno ko ta kiwon lafiya a Gwadabawa, wasu 'yan Isa kuma su bi ta Shinkafi zuwa kwalejin fasaha ta tarayya da ke Ƙaura Namoda. Akwai jami'ar gwamnati a Maraɗi, ba nisa da iyaka, sai dai da Faransanci ake karatu a cikinta, don haka ba ta shiga lissafin yawancinsu.

Wanda ya shiga babbar makaranta daga wannan yanki a 'yan shekarun nan, cikin rashin tsaro ya yi sakandarensa. A watan Mayu na 2020 an kashe mutum fiye da saba'in a ƙauyukan Sabon Birni a hari guda. A Satumba 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar, har da Isa da Sabon Birni. A Disamba na shekarar aka ƙone matafiya fiye da ashirin cikin mota a kusa da Gidan Bawa. A 2024 aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a hanyar komawa gida daga Sakkwato, ya rasu a hannun 'yan bindiga. Hanyar dajin Gundumi, wadda ke haɗa Isa da Marnona, ta daɗe da zama abin tsoro ga direbobi.

An san asarar rayuka da dukiya. Abin da ba a cika lissafawa ba shi ne rayuwar yamma da dare da ta mutu a ƙauyuka. Dandali ya watse. Langa da gaɗa a farin wata, kokawar bayan girbi, damben da ake zuwa kallo daga gari zuwa gari, duk sun ja baya a inda ake kwana da kunne ɗaya a buɗe. Makarantu da dama sun rufe na wani lokaci, wasu sun zama matsugunin 'yan gudun hijira, maganar gasar wasanni ko ta kacici-kacici kuwa ba ta ma taso ba. Sai ga yaro ya iso jami'a yana da ƙwaƙwalwa, ya ci jarrabawa, amma bai taɓa tsayawa gaban mutum hamsin ya yi magana ba, kuma mai yiwuwa ranar jarrabawar JAMB ce ya fara zama gaban kwamfuta. Abokin ajinsa da ya taso a Sakkwato ko Ilori ya riga ya samu waɗannan tun yana ƙarami. Lacca ba ta cike wannan giɓi, don malamin da ke gaban ɗaruruwan ɗalibai ba shi da lokacin bin kowa. A kashi na biyun nan ne ake cike shi, idan an dace.

Bita ta gaske da bita ta takarda

Akwai bitar da ke canza rayuwar ɗalibi. Wadda aka zaunar da shi gaban na'ura ya buga rubutu, ya tsara lissafi, ya koyi neman bayani a intanet. Ko aka ba shi waya da sukurdireba ya haɗa wutar sola. Ko aka koya masa rubuta labari da tantance shi. Jami'ar Ɗanfodiyo ta yi suna a ƙasar nan wajen aikin jaridar ɗalibai, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka fara da manna rubutu a allon sanarwa sun zama 'yan jarida bayan kammalawa. Ga ɗan yankin da labarinsa kusan kullum wasu ne ke bayar da shi daga nesa, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Akwai kuma bitar da ba ta wuce kasuwanci ba. A kama zaure, a buga allo, a gayyato mai jawabi ya yi awa biyu yana ba da labarin yadda ya yi nasara, a karɓi kuɗin shiga, a raba satifiket da lemo. Ɗalibi ya tara irin waɗannan takardu goma a jaka yana zaton za su sama masa aiki, alhali mai ɗaukar aiki abin da zai ce shi ne, "Zauna ka yi mu gani." Ana iya bambance su da tambayoyi masu sauƙi: wa ya shirya, sashe ne ko wani ne daga waje? Za a taɓa kayan aiki ko sauraro ne kawai? Mutum nawa ne a kan na'ura ɗaya? Bitar da aka fi tallata satifiket ɗinta fiye da abin da za a koya, ta riga ta faɗi abin da take sayarwa.

Wasanni: fili akwai, lokaci da tsari ne babu

A takarda, tsarin wasannin manyan makarantu cikakke ne. Jami'o'i suna da gasar NUGA, wadda aka fara a Ibadan a 1966, Jami'ar Legas kuma ta karɓi baƙuncinta a 2022. Kwalejojin fasaha suna da NIPOGA, na ilimi suna da NICEGA. A cikin gida akwai gasar sashe da sashe, da kofin shugaban makaranta. Makarantu da yawa suna sa kuɗin wasanni cikin kuɗin rajista, wasu kuma sun ware yammacin Laraba domin motsa jiki. Ke nan uban da ke ƙorafi ya riga ya biya kuɗin ƙwallo, ko ɗansa ya buga ko bai buga ba.

A aikace labarin ya bambanta. Daga Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato yakan wuce digiri 40, ba mai shiga fili sai bayan La'asar, kuma daidai lokacin ne ɗalibin da ke kwana a cikin gari yake neman motar komawa, musamman daga mazaunin Jami'ar Ɗanfodiyo na dindindin da ke wajen gari. Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU na 2022, daga Fabrairu zuwa Oktoba, ya sa aka matse zangunan da suka biyo baya, kuma idan kalanda ta matse, yammacin Laraba ne farkon abin da lacca ke cinyewa. Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayu 2023, kai tawaga wata jiha ya zama babban nauyi. Ga kuma cikin ɗan wasan: wanda ke auna gari da kuli-kuli don su kai shi ƙarshen wata ba zai yi atisayen awa biyu kullum ba. Naira 20,000 da asusun lamunin ɗalibai na NELFUND ke bayarwa a wata ga waɗanda suka samu tana rage zafi, amma ba ta sayen takalmin ƙwallo.

Akwai wani abin mamaki kuma. Wasannin da aka fi ba muhimmanci a makarantun su ne ƙwallon ƙafa, ƙwallon kwando, ƙwallon raga, guje-guje, da ƙwallon hannu wanda jihar Sakkwato ta yi suna a kansa. Kokawa da dambe da langa, waɗanda Bagobiri ya gada, sai dai a gan su a matsayin nishaɗi ranar al'ada. Alhali suna cikin wasannin gargajiya da ake fafatawa a Bikin Wasanni na Ƙasa, kuma a ƙetaren iyaka kokawa ce sarauniyar wasanni: tun 1975 Nijar ke gudanar da gasar kokawa ta cin takobi, ana watsa ta a rediyo da talabijin, zakara irin Isaka Isaka na Doso kowa ya san shi har a wannan ɓangaren. Makarantar da ke tsakiyar ƙasar da makaɗi Ɗan'anace ya yi wa ɗan dambe Shago waƙa, bai kamata a ce ba ta da da'irar kokawa ba. Yashi da alƙali kawai take buƙata, ba ta kai kuɗin filin ƙwallon kwando ba.

Kada kuma a ruɗi yara. A Amurka wasa yana biya wa ɗalibi kuɗin karatu. Ta wannan hanya Tobi Amusan ta je jami'a a Texas kafin ta kafa tarihin duniya a 2022. A nan ba haka tsarin yake ba, kuma ɗalibin da ya bar lacca yana jiran ƙwallo ta fitar da shi waje yana iya tashi a tutar babu. Amfanin wasa a makarantunmu ya fi kusa da gida: lafiyar jiki, barci mai kyau, abokai daga wasu jihohi, da awa ɗaya a yini da hankali zai huta daga jiran kiran waya daga ƙauye.

Ranar al'ada da tarihin Gobir

Ranar al'ada, ko makon al'ada, lokaci ne da ɗaliban kowace ƙabila ko masarauta ke fito da tufafinsu, abincinsu, kiɗansu da sarautunsu. Ƙungiyoyin Hausa suna da Makon Hausa, ga kuma Ranar Hausa ta Duniya da ake yi duk 26 ga Agusta tun 2015. Sau da yawa abin bai wuce naɗa rawani, ɗaukar hoto da cin tuwo ba. Amma ga Bagobiri a Sakkwato akwai wata magana a ƙarƙashi.

Tarihin da ya karanta a makaranta, a cikinsa Gobir ita ce ƙasar da aka yi jihadi da ita. Alƙalawa, babban birninta, wadda kufanta ke ƙasar Sabon Birni a yau, ta faɗi a 1808, Sarki Yunfa ya mutu a ciki. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836 Gobirawan da suka ƙi miƙa wuya suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, daga can kuma wani reshe ya dawo ya kafa Sabon Birni. Duk wannan gaskiya ne. Gaskiya ne kuma cewa a ƙasar Gobir aka haifi Shehu Usmanu, a Ɗagel ya karantar, kuma Bawa Jan Gwarzo ya girmama shi ya ba shi damar wa'azi. To idan ɗaliban Gobir suka tashi nuna al'adarsu a birnin Shehu, me za su nuna? Wasu suna ganin a tsaya kan abin da ba ya tayar da ƙura: tufafi, abinci, kirarin sarakai. Wasu suna cewa a ambaci komai, har da sarautar Inna da matsayinta a fadar Gobir ta da, a matsayin tarihi ba a matsayin ibada ba. Wannan muhawara ita kanta karatu ce, kuma yin ta a zauren makaranta, gaban malaman tarihi, ya fi yin ta a shafukan sada zumunta inda zagi ke riga hujja fitowa.

Yankin yana da abin alfahari da ba mai gardama a kansa. Ibrahim Narambaɗa, makaɗin Sarkin Gobir na Isa Ahmadu, waƙoƙinsa suna cikin abin da ake nazari a sassan Hausa na jami'o'i har yau. Karin harshen da ake yi wa ɗan ƙauye dariya a kansa a ɗakin kwana, shi ne mabuɗin fahimtar waɗannan waƙoƙi, kuma sau da yawa a taron ƙungiyar Hausa ne yake fara gane haka. Akwai kuma wasan barkwanci tsakanin Gobirawa da Yarbawa. A makarantar da ke cike da ɗaliban Kwara, wannan tsohuwar taubasantaka takan buɗe ƙofar zumunci cikin minti biyar.

Mafi nauyi shi ne zaman Bahaushe da Bafillace 'yan yanki ɗaya. A gida rikici ya sa zargi ya shiga tsakani, kasuwar da ke haɗa su ta ragu. A makaranta suna ƙungiyar ƙaramar hukuma ɗaya, suna tara kuɗin taro ɗaya, suna buga wa sashe ɗaya ƙwallo. Wannan ba zai kawo ƙarshen ta'addanci ba, kuma duk wanda ya ce zai kawo ya yi zuƙu. Sai dai wuraren da matasan ɓangarorin biyu ke yin aiki tare sun yi ƙaranci ƙwarai, wannan kuwa ɗaya ne daga cikinsu.

Masu suka da masu goyon baya

Masu suka iri biyu ne. Na farko damuwarsu kuɗi da sakamako: sun ga ɗaliban da shugabancin ƙungiya ya ɗauke wa hankali har suka maimaita darussa, kuma suna da gaskiya, hakan na faruwa. Na biyu damuwarsu addini da tarbiyya: cakuɗuwar maza da mata, kiɗa, suturar wasa, da wasan da ke cinye sallar Magariba. Malamai da yawa ba wasan kansa suke ƙi ba, domin an san Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi kokawa da Rukana, ya yi tsere da Nana A'isha, kuma an kwaɗaitar da harbi da sukuwa. Yadda ake shirya abin ne matsalarsu, kuma wannan abu ne da ake iya gyarawa da jadawali da shinge.

Masu goyon baya suna cewa digiri kaɗai ba ya ba da aiki yanzu, kuma wanda bai koyi magana, shugabanci da sana'a a makaranta ba, a ina zai koya? Rauninsu shi ne sukan yi magana kamar kowa yana samun damar daidai, alhali ba haka ba ne. Ɗan mai hali da ke da kwamfuta da ɗaki a cikin makaranta shi ke halartar komai. Wanda ya fi buƙata, shi ne ke yin acaba ko aikin gini a ƙarshen mako.

Ɗaliba mace ita ce ta fi kowa asara. Kafin a bar ta ta tafi Sakkwato an sha gardama a gida, kuma sharaɗin shi ne daga aji sai ɗaki. Sace ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau a Satumba 2023, yawancinsu mata, daga gidajen haya a Sabon Gida, ya ƙara wa iyaye hujja. Duk taron da aka sa bayan Magariba, ko wasan da za a yi a filin da maza suka kewaye, tamkar an ce ban da ita ne. Inda aka ware wa mata lokaci da wuri, aka sa bita da rana, ba su da uzurin da zai hana su, iyaye ma ba su da shi.

Abin da ka iya biyo baya

Da yawa daga masu NCE na yankin makarantun firamare da sakandare na Isa da Sabon Birni za su koma, in hali ya yi. Malamin da ya taɓa shirya muhawara ko gasar guje-guje yana ɗalibi, zai iya shirya wa yaransa. Wanda bai taɓa gani ba, allo da alli kawai zai sani. Ta wannan fuska abin da ke faruwa a filin wasan kwaleji a Sakkwato yana isa ajin firamare a ƙauye bayan 'yan shekaru.

Akwai kuma ɗaya gefen. Wanda ya ƙware a kwamfuta ko jarida ko haɗa sola, shi ne ya fi samun dalilin zama a Sakkwato, Kano ko Abuja. Muddin hanya ba ta da aminci, ƙwarewar da bita ke bayarwa tana iya zama tikitin barin gida, kuma wannan ba abu ne da kwamitin wata makaranta zai iya magancewa ba.

Wani aikin kuwa lokaci ke ƙure masa. Tsofaffin da suka san kirarin garuruwa, jerin sarakai, waƙoƙin noma da na daka, da yawansu sun watse, wasu a garuruwan da suka fake, wasu a sansanonin jihar Maraɗi. Manazarci daga nesa ba zai iya kai musu ba, jikokinsu da ke karatu kuwa suna ganin su duk hutu, kuma kowannensu da waya mai ɗaukar murya a aljihu. Cibiyar Nazarin Hausa ta Jami'ar Ɗanfodiyo da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu duk suna cikin Sakkwato. Bita ta kwana biyu kan yadda ake yin hira da adana murya, wadda ƙungiyar ɗaliban Isa ko ta Sabon Birni za ta iya nema da wasiƙa ɗaya, ba za ta ci rabin kuɗin da ake kashewa a hayar kujeru da rumfa ranar al'ada ba.